Inda Sarewa Ta Yanke

Ran Juma'a jarida ta fito.
Mirinal ta sayo ta a tashar Kurla,
ta ɓoye ta cikin gyale saboda ruwan sama,
ta zauna bakin gadona tana karantawa.

"Waƙa shida," in ji mai sharhi, "huɗu ƙaiƙayi ne.
Ta farko ganguna sun yi mata yawa,
kai ka ce daka ake yi a saman bene.
Ta biyu ɗumamen jiya ce.
Yarinyar tana da murya, amma an sa ta ihu
a inda raɗa ta isa."
Tauraro biyu da rabi ya ba mu.
Rabin nan ya sa ni dariya har tari ya taso.
Da wace wuƙa ake yanka tauraro?

Ta ce, Baba, tsaya, da saura.

"Sai dai waƙa ta biyar.
A minti na uku sarewa tana hawa,
tana hawa, sai ta yanke.
Shiru na daƙiƙa biyu kafin tabla ta dawo.
Shirun nan ya fi fim ɗin duka.
Tiwaskar ya san yadda kewa ke shaƙe maƙoshi.
Wannan aikin gwani ne."

Na ce, maimaita wurin.
Ta maimaita.

Daren Talata ne, a ɗakin ɗaukar sauti na Andheri,
ƙarfe biyu, na'urar sanyi tana cizon ƙashi,
mu goma sha ɗaya, shayi ya huce a kofunan takarda.
Sau tara ana cewa a sake.
Shekara arba'in da ɗaya ina hura gorar nan,
huhu kuwa ya soma kasa biyan bashi.
A karo na goma na kai kan tudun,
na nemi iska, iska ta ce ba ta gida.
Na sauke sarewa, na rasa inda zan sa ido.
Gopinath mai tabla ya tsaya, hannu a sama,
ba don kiɗa ba, don tausayina,
sannan ya buga.

Tiwaskar ya dubi agogo. Kuɗin ɗaki ya ƙare.
Ya ce, "A bar shi, gobe a gyara."
Goben nan har yau tana hanya.

Rufi dubu huɗu aka ba ni a ambulan.
A bayan faifan, ƙasa can, da ƙananan baƙaƙe,
an rubuta "da sauran makaɗa".
Nan ne gidana.
Dinkar Salunkhe ya yi tsawo, ba fili.

Mirinal ta miƙe tana neman biro,
wai za ta rubuta musu gaskiya.
Na ce, ajiye. Kawo maganin tari.

Bayan sati uku za mu asibiti a Ghatkopar,
ruwa ya kai gwiwa, adaidaita tana iyo,
direban ya kunna ta biyar.
Da sarewa ta fara hawa, ya rage gudu,
ya ɗaga yatsa ɗaya kamar mai hana yara surutu.
Ta yanke.
Ba abin da ake ji sai ruwa a kan tamfol.
Ya ce, "Kaka, ka ji wurin nan?
Matata ta rasu bara, watan bikin fitilu.
Haka ta yi. Tana magana, sai ta tsaya."
Ya share gilashi da tsumma,
ko da yake ruwan ta waje yake.

Mirinal ta matse mini hannu.
Ban ce uffan ba.
Ƙaryar ta riga ta yi jijiya a wurin da ba nawa ba,
wa ni da tumɓuke ta?

Likita ya miƙo mini bututu, ya ce, hura da ƙarfi.
Na hura.
Ta hau, ta hau, ta yanke a inda ta saba.
Ya rubuta lamba a takarda, ya girgiza kai.
Ko rabin tauraro bai ba ni ba.